Ƙamshin Suya a Ofishin Karligash

Ni da Karligash Yesimbekova shekara ɗaya aka haife mu, saboda haka kurdas ɗina ce. Kowa kuwa ya san haƙƙin kurdas a kan kurdas: in zage ta a gaban minista, ta rama a gaban matata, ba wanda zai kai ƙara, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Sunana Meirhan. A tashar harba roka aikina auna iska, in saki balan-balan sama in rubuta inda ta nufa. Karligash takan ce ni kaɗai ne mutumin da gwamnati ke biya don ya yi wasan yara. Ita kuwa babbar injiniya ce, irin wadda idan ta shigo ɗakin taro masu tumbi ke gyara zama.

Roka ba ta isa sama gaba ɗayanta. Tana tashi, gindinta ya ƙone mansa, ta yar da shi ta wuce. Gindin nan ya kai tsawon gidan bene, kuma dole ya faɗo a wani wuri. Aikin Karligash shi ne ta faɗi wurin tun kafin a kunna wuta. Sai ta zana wani abu mai siffar ƙwai a kan taswira, ta ce a cikin nan zai faɗo, a kwashe mutane da dabbobi. Shekara talatin da ɗoriya tana wannan, ko akuya ba ta taɓa karya wa ƙafa ba. Ni nakan ce mata kazar da ta fi kowace tsada a ƙasar nan, ƙwai ɗaya a wata, shi ma na takarda.

A Tasbulak aka haife ta, mazaunin hunturu na danginsu, gidajen ƙasa kaɗan da garken tumaki a tsakiyar fili fetal, sai maƙabartar kakanni a kan tudu. Kamar kullum, maƙabartar ta fi garin masu rai kyau: ɗakunan bulo masu ƙubba, kowanne da jinjirin wata a kansa. Tana 'yar ƙarama wani ɓallin ƙarfe ya faɗo bayan garke da rana tsaka. Babanta Yesimbek ya ja shi da doki, ya bubbuge shi ya mai da shi kwamin shayar da tumaki. Uwarta Ultugan ta hana a kawo shi kusa da ƙofa.

Yarinya ta tsaya a kan ƙarfen ta ce, "Wa ya ce ya faɗo nan?"

Baban ya ce, "Allah."

Uwar tana murza ƙullu, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Allah, da wani mai tabarau."

Shi ke nan, Karligash ta ƙudurta ita za ta zama mai tabaran. Aka kai ta makarantar kwana a garin gunduma, ta cinye lissafinsu har malamin ya fara ɓuya in ya hango ta. Daga nan ta wuce wata babbar makarantar injiniyoyi a can Rasha, ita kaɗai 'yar makiyaya a cikin aji, tana karatu da rigar sanyin babanta a kafaɗa. A makon da za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta na ƙarshe Ultugan ta rasu. Lokacin narkewar ƙanƙara ne, hanyoyi sun zama kunu. Ta tsaya ta kare aikin, ta yi ta ɗaya, ta iso Tasbulak bayan an yi sadakar bakwai.

Tun daga ranar ba ta taɓa soya shelpek ba. A wurinmu ko matar da ba ta san alƙibla ba takan ɗora kasko ran Alhamis, ta murza ƙullu fale-fale ta soya guda bakwai, don ƙamshin man ya isa ga waɗanda suka riga mu, a karanta abin da ya sawwaƙa a ambaci sunayensu, a raba wa maƙwabta. Karligash ta ce ita ba ta iya ba. Matar da ta san inda ƙarfe zai faɗo daga bayan gajimare, wai fulawa da ruwa sun gagare ta. Wannan ne kaɗai wurin da ban taɓa tsokanarta ba, kuma don Allah a rubuta mini ladan.

Ana nan, shekarun baya kaɗan, aka kawo sabuwar roka mai sabuwar hanya, aka ce Karligash ta yi mata ƙwai. Ta zauna ta yi lissafi, ƙwai ya fito, Tasbulak a tsakiyarsa daram, kamar gwaiduwa. Ta sake, ya sake fitowa nan. Masu rai sun daɗe da barin wurin, sai ƙanen babanta, tsoho Sarsenbai, da ke kiwon 'yan dawakinsa yana share kaburbura. Shi ana iya ɗauke shi a mota. Waɗanda ke kan tudu ba a ɗauke su.

Darakta mutumin kirki ne. Ya kira ta har da sunan babanta, yadda ake girmama mutum a ofis, ya ce, "Karligash Yesimbekovna, mu ma muna da iyaye a ƙasa. Ki ɗan tura shi gabas. Ƙa'ida ta yarda, ni zan sa hannu a ƙarƙashin naki."

Ƙa'ida ta yarda, amma da ƙyar. A gabas akwai Akjar, ƙauye mai tashar jirgin ƙasa da makarantar firamare. In aka tura ƙwan, kaburbura sun fita, bakinsa kuma ya matso bayan gidajen Akjar. Wataƙila a harba roka dubu ba abin da zai faru. Wataƙila. Zaɓin ke nan da aka ajiye mata a tebur: kabarin uwarta, ko wannan wataƙilar.

Ran wata Alhamis bayan azahar na hau benensu in kai mata alƙaluman iska. Ina buɗe ƙofa ƙamshi ya buge ni, ƙamshin mai mai zafi da ƙullu ya faɗa cikinsa yanzun nan.

Na ce, "Kai, kaza, ashe haka kike? Ana rabon shelpek a ofis ba a kira marayu ba? Fito da nawa."

Ba ta rama ba. Karligash ba ta rama ba! Ta zare tabarau a hankali ta dube ni.

"Kai ma ka ji?"

"Ko matacce ya ji wannan."

"Rufe bakinka, Meirhan."

Akwai injiniyoyi biyu a ɗakin, kowa da kwamfutarsa. Ta tambaye su ko suna jin wani ƙamshi. Suka shinshina, ɗaya ya ce, da sunayen girmamawa da suke kiranmu, "Apai, sai dai warin takalmin Meirhan-aga." Ba wasa suke ba, ba su ji komai ba. Na sauka na zaga ginin. Babu murhu a cikinsa, an hana ko da tukunyar shayi saboda na'urori. Gidan abincin ma'aikata yana can hayin titi, kuma ranar dafaffiyar taliya suka yi, wadda ba ta taɓa haɗuwa da mai ba ko a mafarki. Na dawo. A bakin ƙofarta babu komai. Taku ɗaya ciki, ƙamshi. Ya fi ƙarfi a kan teburin da taswira take.

Ta ce tun ranar da ƙwan ya fito a kan Tasbulak take jin sa, duk Alhamis, daga azahar zuwa la'asar. Ta ɗauka ƙwaƙwalwarta ce ta fara tsufa.

Na ce, "Ta tsufa mana. Amma tawa sabuwa ce, ban taɓa amfani da ita ba."

Ta ɗan yi murmushi, irin na wanda ake cire wa haƙori.

Makon da ya biyo ta tura ƙwan gabas. Ta gama lissafi tsaf, saura sa hannu. Ran Alhamis na sami dalilin hawa benen, don gulma ma ma'aikaciya ce. Wannan karon ban shiga da wasa ba. Ƙauri ne ya tare ni, ƙaurin man da aka manta a kan wuta har ya yi baƙi, mai kama maƙogwaro. Idona ya kawo ruwa. Injiniyoyin nan biyu suna ta danne-dannensu, ɗaya har yana cin tuffa. Karligash tana zaune ta toshe hanci da gefen gyalenta, tana kallon Akjar a taswira.

Ta ce, "Ka san makarantar nan? A bayan gari take. Ta yamma."

Ta jawo takardar ta yaga. Washegari ta sa hannu a kan ƙwan farko, mai Tasbulak a tsakiya. Darakta ya tambaye ta ko ta tabbata, ta ce lissafi ba ya da uwa. Har yau cewa take lissafi ne ya sa ta janye. Ni na ce hanci ne. Alhamis ta gaba ƙamshi ya dawo garau, har da daɗi, abin da ya fi ƙaurin tayar mini da tsikar jiki.

Ana jibi za a harba, masu kwashe mutane suka dawo suka ce tsoho Sarsenbai ya yarda a kora dawakinsa, amma shi ba inda za shi. Ya ce a turo masa wadda ta zana. Washegari da safe muka ɗauki motar aiki. Ni na tuƙa, don ita in ta riƙe sitiyari sai ka roƙi Allah ya maida kai cikin roka. Ranar ma Alhamis ce, ban lura ba sai da muka yi nisa.

Mun iso rana ta take. Kaka ce, ciyawa ta yi ja, ba tsuntsu ko ɗaya. Kwamin ƙarfen nan yana nan bayan rusasshen garke, ko tsatsa bai yi ba. Tsoho yana zaune a ƙofar gidan da ya rage da rufi, da hularsa ta fata, kamar tun jiya yake jiranmu. Ta durƙusa ta gaishe shi da Ata, yadda muke kiran dattijo, ya sumbaci goshinta ya kira ta 'yar raƙuma, yadda muke shagwaɓa yara.

"'Yar taguwata, kin yi furfura. Wannan fa? Mijinki ne?"

Na ce, "Ata, Allah ya kiyaye. Zunubaina ba su kai nan ba."

"Kurdas ɗina ne, Ata, Meirhan. Kada ka kula shi, baki ne kawai aka ɗora wa ƙafafu."

Ya zuba mana shayi da madara, rabin kwano rabin kwano, yadda ake yi wa baƙon da ba a so ya tafi da wuri. Ta fara yi masa bayani, da nisa da nauyi da iska. Ya bari ta gama.

"Ban ce ki janye ba. Yaran Akjar ma 'ya'yan mutane ne. Amma baƙo zai sauka a gidan iyayenki, baƙo mai nauyi, kuma ke kika aiko shi. Sai su ji a bakin wa? A bakin soja mai lasifika? Ki ɗora kasko ki gaya musu da kanki. In kin yi, in shiga motarku."

"Ata, ban iya ba."

"Ba ci za su yi ba. Ƙamshi kawai suke so."

A nan ne bakina, wanda ba ya shawara da ni, ya ce, "Ai ƙamshi kam muna shan sa a ofis duk Alhamis, Ata. Kyauta, ba kasko ba mai."

Tsoho ya ajiye kwanonsa. Ya sa ta ba shi labari daga farko. Da ta kai ƙarshe ya daɗe yana kallon tudun.

"Mu ne muke soyawa, su su ji. Haka aka tsara. Ban taɓa jin wanda yake wannan gefen ya ji ƙamshi bai ga kasko ba." Ya juyo kaina. "Kai ma ka ji, ka ce?"

Na ce, "Ni mura nake yawan yi, Ata. Ba a kafa hujja da hancina."

Bai yi dariya ba.

Ya fito da kaskon Ultugan, baƙi ƙirin, da fulawa da mai. Aka hura wutar busasshen kashin tumaki a tsakar gida. Babbar injiniya ta naɗe hannun riga ta durƙusa tana murza ƙullu. Na farko ya fito dogo ta gefe ɗaya. Na biyu ma haka. Duk bakwai ɗin ba mai da'ira ko ɗaya.

Na ce, "Subhanallahi, kaza! Har shelpek ɗin ma ƙwai?"

Ta ce, "In ka ƙara magana, na takwas da harshenka zan yi shi." Na ji daɗi, don ta dawo hayyacinta.

Ta saki na farko a mai, ya yi ƙara, ƙamshi ya tashi. Shi ne. Ba mai kama da shi ba, shi ɗin ne dai wanda muka saba ji a bene na uku. Muka dubi juna.

Yanzu zan faɗi abin da na gani, kuma a tuna iska ce sana'ata. Tun isowarmu take kaɗawa daga tudun zuwa gida, tana watsa mana ƙura a shayi. Ba ta tsaya ba, ba ta juya ba, ga gefen gyalen Karligash yana nuna inda ta nufa. Amma hayaƙin kaskon ya tashi siriri, ya kwanta, ya bi ta cikin iskar ya hau tudu, kamar zaren da ake ja daga can. Na lashi yatsa na ɗaga sama, abin da ban yi ba tun ina makaranta. Iska na nan inda take. Hayaƙi na tafiya abinsa.

Tsoho ya karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, ya jero sunaye tun daga kakan kakansa har ya sauko kan Yesimbek da Ultugan, muka shafa. Sannan Karligash ta hau tudun. Na bi ta daga nesa, don ban ga dalilin zama ni kaɗai kusa da kaskon nan ba. Ta tsaya gaban ƙubbar uwarta ta gyara tabarau, kamar mai ba da rahoto a ɗakin taro.

"Apa, ni ce. Na makara." Ta dubi ƙubbar. "Gobe da hantsi wani ƙarfe zai faɗo. Ni na ce ya faɗo nan."

Ta juyo ta kama hanyar gida. Sai dai da muka sauko wutar ta mutu murus, kasko ya yi sanyi kamar an kwana ba a taɓa shi ba. Tsoho ya naɗe shelpek a ƙyalle ya shiga mota, bai ko waiwaya ba.

Washegari aka harba lafiya. Roka ta yar da gindinta ta wuce, aka yi tafi, masu tumbi suka rungumi juna. Karligash ba ta tafa ba. Ta nemi kujera a jirgi mai saukar ungulu na masu kwasar ƙarfe, ta sa aka ɗauko tsoho daga Akjar inda muka sauke shi, ni kuma na shiga ba wanda ya gayyace ni.

Duk wanda ya san aikin ya san tsakiyar ƙwai ita ce inda ƙarfe ba ya faɗowa. Nan ake nufa, amma iska da nauyi sukan kai shi gefe, wani lokaci tafiyar yini a kan doki. A duk shekarunta ba ta taɓa samun tsakiya ba. Ran nan ta samu. Gangar jikin ta tarwatse a gindin tudu, wajen kaburbura. Abu ɗaya ne ya shiga ciki, wani dunƙulen ƙarfe daga injin, ya nutse a ƙasa dab da ƙubbar Ultugan. Bai taɓa bulo ko ɗaya ba. Ko jinjirin watan bai karkace ba.

Muna sanye da takunkumin roba saboda ragowar man roka guba ne, ta cikinsa ko warin bakinka ba ka ji. Ma'aikata suka ɗaura wa ƙarfen igiya, jirgi ya ja shi sama. Ramin da ya bari ba irin wanda na saba gani ba ne, mai faɗin baki kamar kwano. Wannan dogo ne, gefensa a miƙe kamar an bi da shebur, kuma ya kwanta daidai yadda kaburburan da ke gefensa suka kwanta. Ina tsaye a bakinsa ƙamshin ya shigo mini cikin takunkumi, mai zafi, sabo. Ta cikin gilashin fuskarta na ga ita ma ta ji.

Shugaban ma'aikata ya ce za su cike shi. Tsoho ya cire takunkuminsa, duk ihun da ake masa, ya ce kada wanda ya zuba ko tafin ƙasa.

"Ba su yi fushi ba, 'yar taguwata. Da sun yi fushi da kin ga bulo a warwatse. Wuri suka keɓe miki, kusa da ita. Wannan karon ba sa so ki makara."

Sai ya taka gefen ramin a hankali, ya duba faɗinsa, ya sake dubawa. Ya ɗago ya kafe ni da ido.

"Ya yi wa mutum ɗaya yawa. Shekararku ɗaya da ita, ko?"

Na ce, "Ata, ni takardar haihuwata ƙarya ce. Kowa ya san na girme ta nesa ba kusa ba."

Ba wanda ya yi dariya, har ni.

Karligash ta yi ritaya a shekarar da ta biyo. Tana nan da ranta, lafiyarta ƙalau, tana koyar da ɗalibai lissafin faɗowar ƙarfe kwana biyu a mako, suna ɓuya in sun hango ta. Tsoho Sarsenbai ya kewaye ramin da waya kafin ya rasu. Makiyayan da ke wucewa sun ce dusar ƙanƙara kan rufe tudun duka amma ba ta kwanciya a cikinsa. Ban je na duba ba, kuma ba zan je ba. Ni ina da maƙabartar kakannina can kudu, na gaya wa matata a gaban shaidu, na kuma maimaita wa limami.

Duk Alhamis yanzu Karligash na soya bakwai, har yau ƙwai-ƙwai, ta hauro benenmu ta kawo mini nawa, don gidajenmu na kallon juna. Nakan ji ƙamshin tun tana matakala, in buɗe ƙofa in ce kaza ta yi ƙwai.

Alhamis ɗin da ta wuce, bayan azahar, ƙamshi ya cika mini ɗaki. Na tashi na buɗe ƙofa da zagina a baki. Matakala ba kowa. Matata tana zaune tana saƙa, na tambaye ta, ta ce ita ba ta ji komai ba. Ina ɗaukar waya ta yi ƙara a hannuna. Karligash ce.

"Meirhan, matarka ce ke suya?"

"Ke zan tambaya."

"Yau ban ɗora ba. Mai ya ƙare, yanzu nake shirin fita saye."

Ina jin numfashinta, tana jin nawa.

Na ce, "To, kurdas, mata ake ba hanya su fara wucewa. Haka aka koya mana."

Ta ce, "A'a. Kai da bakinka ka gaya wa Ata ka girme ni. Babba ke fara shiga ɗaki."

Muka yi dariya, ba mai yawa ba. Daga nan ba wanda ya yarda ya fara ajiye wayar.